Wankan Gawar Reuben Haskett

Wani ɗan jarida ya zo mini gida makon jiya, hula a hannu, murya ƙasa-ƙasa kamar mai gaisuwar mutuwa. Wai shekara hamsin ke nan da nitsewar Titanic, an ce masa mijina yana ciki, ko zan faɗa masa kiɗan da makaɗan jirgin suka yi na ƙarshe. Na ce yaro, mijina ɗan wuta ne, can ƙarƙashin jirgi yake zuba kwal, kiɗan da ya sani shi ne ƙarar shebur. Ya ce to attajiran fa, ko ya ga wani a cikinsu? Na bari ya shanye shayinsa na raka shi ƙofa. Duk haka suke. An yi fim, an yi waƙoƙi, an buga hoton jirgin har a gwangwanin biskit, wanda bai taɓa jin warin teku ba ma sai ya lissafa maka abin da masu kuɗi suka ci a daren. Mu nan Southampton da muka ba jirgin mazajenmu, ba mai tambayar yadda muka ƙare. To ni zan faɗi nawa, a buga ko kada a buga.

Sunana Lottie Haskett. A layin Tanner muke zaune lokacin, cikin unguwar Northam, gidaje manne da juna, bangon kuwa in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ce masa sannu. A shekarar an daɗe ana yajin aikin masu haƙar kwal, jirage suna tsaye, maza suna zaune, tukwane a kife. Da aka ce babban jirgi yana ɗaukar ma'aikata, duk namijin da ke iya ɗaga shebur a layinmu ya ruga. Muka raka su tashar jiragen ruwa muna murna, har muna yi wa matan wasu layuka yanga. A cikin duk waɗanda suka tafi daga layin Tanner, mijina Reuben kaɗai ya dawo.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na durƙusa a kicin na gode wa Ubangiji har gwiwata ta yi tsami. Amma murna ce ta cikin ɗaki, domin ko'ina ka juya kuka ake yi.

Ranar da ya iso bai fara shiga gidanmu ba. Ya tsallaka layi da jakarsa a kafaɗa ya ƙwanƙwasa ƙofar Misis Purkiss. Ita Dinah Purkiss ita ce ungozomar layin, ita ce kuma mai wankan gawa. Hannunta ke karɓarka ranar zuwa, hannunta ke shirya ka ranar tafiya. Mijinta Eli shi ne shugaban 'yan wuta a ɓangaren su Reuben, ɗanta Sid kuma wannan ce tafiyarsa ta biyu. Dukansu teku ta riƙe. Ta buɗe ƙofa, ta dube shi daga hula har takalmi, mata duk sun leƙo.

"An ce mata da yara aka sa a kwalekwalen ceto," in ji ta. "Kai wanne ne a ciki, Reuben Haskett?"

Ta rufe ƙofa. Kafin rana ta faɗi maganar ta zagaya Northam, har yara suna rera ta a bayansa.

A tasha ma bai tsira ba. Yadda ake ɗaukar 'yan wuta shi ne a tsaya a taru a bakin jirgi, injiniya ya fito ya nuna wanda yake so. Da ya nuna Reuben sai wani ƙato mai suna Walter Gosney ya ajiye jakarsa a ƙasa ya ce shi ba zai hau jirgi ɗaya da mutumin da teku ta tofar ba, don za ta dawo neman abinta, kuma ba za ta tsaya tantancewa ba. Sauran suka ajiye nasu. Injiniya ba ya son fitina, ya janye hannunsa. Aka yi haka sau ɗaya, aka sake, aka kuma, har Reuben ya daina zuwa. Daga baya ya daina fita gaba ɗaya. Ya samu kujera a kicin na baya, kusa da murhu, ya zauna.

Ni na koma wankau, ina ciyar da mu da yara biyu, wannan bai dame ni ba, hannuna ya saba. Abin da ya dame ni shi ne mutumin. Namijin da ke cika ƙofa in ya shigo ya koma kamar tsohuwar riga a rataye. Ga tari da ya kwaso daga sanyin daren nan, dare da rana, duk layin na ji. Ba ya faɗa, ba ya dariya, in na tsokane shi don ya yi fushi ma sai ya ce, "Haka ne, Lottie." Wallahi na fi son ya fasa faranti. Ina kallo mijina yana mutuwa a zaune, na san in bai fita daga kicin ɗin nan da ƙafarsa ba, da kafaɗun mutane zai fita, kuma ba da jimawa ba.

Da watan Afrilu ya zagayo, Misis Purkiss ta ba da umarni, ita dai ba ta shawara. Ranar cikar shekara duk gidan da aka yi rashi zai sauke labulen tagar gaba tun safe har yamma, kamar yadda ake yi in akwai gawa a gida, tunda ba su samu gawar da za su sauke wa labule ba a bara. Gidan da ba a yi rashi ba kuwa kada ya taɓa nasa. A shagon Loder ta faɗi wannan, ina tsaye da sabulu a hannu, ba ta dube ni ba. Wata ta ce ai Reuben ma jikin nasa ya ƙi, ko a tausaya. Misis Purkiss ta ce, "Wanda teku ta ƙi, ƙasa ma sai ta yi shawara." Na fito cike da haushi, na manta canjina a kan kanta.

Ana gobe ranar na dafa masa albasa da zuma na ɗura masa, sai ga shi ya yi barci ba tari, abin da ya manta yadda ake yi. Da safe na sauko na tarar da ɗakin gaba da duhu. Reuben na tsaye, igiyar labule a hannunsa.

"Me ka yi haka?"

"Abokaina ne, Lottie. Tare muka ci, tare muka ƙone."

"Kai ka ji abin da matar nan ta ce? Kuma wa ke sauke labule ba gawa? Kiran mutuwa kake yi mana?"

"Su ce abin da za su ce. Yau dai ba zan bar tagata a buɗe tana yi musu dariya ba."

Ya juya ya koma kujerarsa. Na kai hannu zan ɗaga labulen, sai na tsaya. Shekara guda ke nan ban ji ya musa mini magana ba. Na ce bari in bar masa wannan, abin da zai faru ya faru. Na tura yara makaranta ta ƙofar baya, na yanka masa burodi na shafa kitse, na ɗora ruwan shayi.

Abin da ban lissafa ba shi ne Ada Loder, maƙwabciyarmu ta jikin bango. Ita tarin Reuben ya zame mata agogo. Ta kwana ba ta ji shi ba, ta fito da safe ta ga labulenmu a sauke. A layin Tanner kuwa ko mahaukaci ba ya sauke labule don wasa, balle bayan an ja kunne. Ada ta haɗa biyu da biyu ta kwasa a guje.

Ina goge tebur na ji takun ƙafafu. Na leƙa ta gefen labule. Ga Misis Purkiss tana tsallako layi da farin gyauton aikinta a kan baƙaƙen kaya, daro a hannu, tawul a kafaɗa, sabulu a cikin daron. Bayanta mata ne cikin baƙi, wannan da zanen gado, waccan da kyandir, Ada na ta sharar hawaye. Nan take na gane. Ka'idar aikinta ce: ko kun shekara ba ku gaisa ba, ko kotu kuka je, in labule ya sauka za ta zo, ba ta jiran aike.

Ina da lokacin da zan buɗe taga in ce musu kuskure ne. Ban buɗe ba, kuma har gobe ina alfahari da hakan. Shekara guda ina neman abin da zai shigo da matar nan gidana, ga shi ta kawo kanta har da sabulu.

Ta ƙwanƙwasa. Na buɗe, na sunkuyar da kai.

"Lottie," in ji ta. Rabon da ta kira sunana tun kafin jirgin. "Yaushe?"

Na matsa gefe na ba ta hanya.

"Yana sama?"

"Yana kicin."

"A kicin! Allah sarki, a kan kujerar nan?" Ta dafa bango. "Bakina ne, Lottie. Ni na ce ƙasa ma sai ta yi shawara. Ni na karɓi haihuwar yaron nan da hannuna, na kuma kashe shi da harshena." Hawaye na zuba mata, ba ta share ba. Ta gyara riƙon daro ta ce, "Nawa biyu ban samu na wanke ba. Wannan zan wanke shi kamar nawa. Ki sa ruwa a wuta."

"Yana kan wuta," na ce, kuma gaskiya na faɗa.

Ta wuce gaba, mata na biye da ita a ɗan siririn lungun gidan. Ta tura ƙofar kicin. Ga mamaci zaune, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya cika baki da burodi, kitse na sheƙi a gashin bakinsa.

Ada Loder ta ƙwalla ƙara ta zube a kan mai kyandir. Daro ya kuɓuce ya bugi ƙasa, ya yi ta juyi yana ƙara kamar ba zai tsaya ba. Reuben ya miƙe, ya rasa yadda zai yi da burodin, ya ɓoye shi a bayansa.

"Ina kwana, Misis Purkiss."

"Ina kwanan uwaka!" Ta fizgo tawul daga kafaɗa ta shiga zabga masa. "Ɗan banza! Mara mutunci! Ka sa tsohuwa ta tsallako layi tana kuka, kai kana nan kana cin kitse! Wa ya mutu a gidan nan? Na ce wa ya mutu?"

"Ba kowa, Misis Purkiss."

"To uban wa ya ce ka sauke labule?"

"Don Eli na sauke," in ji shi. "Da Sid. Da su duka."

Tawul ya tsaya a sama. Butar shayi na ta huci. Misis Purkiss ta jawo kujerata ta zauna da ƙarfi. Ta juya fuska wajen murhu. Da ta buɗe baki kuwa, ba ta tambayi makaɗa ba, ba ta tambayi dutsen ƙanƙara ba.

"Sid ya sa rigar sanyinsa? Wadda na saƙa masa?"

"Bai sa ba," in ji Reuben. "Ya baro ta a ƙasa. Mun daɗe muna kashe wutar tukwanen injin don kada su fashe, da muka hau sama daga mu sai singileti, jiki duk gumi, ga sanyi kamar wuƙa. Eli ya cire kwat ɗinsa ya sa masa, ya ɓalla masa maɓallai har wuya, yana ta yi masa faɗa."

"Na sani," ta ce. "Yaron nan bai taɓa jin magana ba." Ta yi dariya, dariyar ta karye ta zama kuka, ta bar shi ya fito.

Sai Reuben ya faɗi sauran, abin da ya je faɗa mata a bara ta rufe masa ƙofa. Wani hafsan jirgin ne ya yi ihu yana neman wanda ya iya tuƙin kwalekwale, ga mata cike a ciki ba mai ja. Eli ya san Reuben ɗan masunta ne, a kogin Itchen ya girma. Ya kama shi ta wuya ya tura shi gaba ya ce ga shi nan. Reuben ya ce a sa Sid, Eli ya ce Sid ko a baho bai iya tuƙi ba, so kake ya kifar da matan mutane? Da kwalekwalen ke sauka Reuben ya ɗaga kai ya gan su a jikin ƙarfen jirgi, uba ya rungumo ɗa ta kafaɗa.

Daga nan sai mata suka matso. Kowace da tambayarta. Nawa fa, ka gan shi? Ya ci abinci a daren? Wanda ya gani ya ce ya gani, wanda bai gani ba ya ce bai gani ba, bai yi wa kowa ƙarya don daɗin rai ba. Ada ta farfaɗo ta tambayi ƙanenta. Na yi ta zuba shayi har ganyen ya ƙare, wata ta je gida ta kawo nata. Ni dai ina tsaye jikin ƙofa ina jin muryar mijina tana ƙara ƙarfi, raina fari ƙal.

Can Misis Purkiss ta miƙe, ta share fuska da tawul ɗin gawa, ta tafi ɗakin gaba da kanta ta ja igiya, haske ya shigo.

"Gidan nan ba a yi rashi ba," ta ce. "Kuma ba za a yi ba ina raye. Lottie, yaushe za a ɗauki 'yan wuta?"

"Jibi, akwai jirgin da zai tafi Cape Town."

"Ki goge masa takalmi. Kai kuma ka aske wannan gemun, ka yi kama da wanda na zo wankewa."

Ranar ɗaukar ma'aikata Reuben ya fito ta ƙofar gaba. Ni a damansa, Misis Purkiss a hagunsa, matan layin Tanner a baya cikin baƙaƙen kayansu, muka bi tsakiyar titi har tasha. Masu keken doki suna kauce mana, maza suna cire hula ba su san ma me ake yi ba. Na san in aka sake korarsa yau a gaban jama'a, shi ke nan, ba zai ƙara tashi ba.

Maza sun taru a bakin jirgi. Injiniya ya fito, ya ga tarin mata, ya yi turus. Walter Gosney na ganin Reuben ya sauke jakarsa ƙasa.

"Mun faɗa tun bara," in ji shi. "Ba ma hawa da shi."

"Walter Gosney," in ji Misis Purkiss, ba ta ko ɗaga murya ba. "Matso in gan ka. Kai ne ka zo duniya ta ƙafa, ka wahalar da uwarka kwana biyu, sai da na mare ka sau uku kafin ka yi kuka. Ashe da na sani na ƙara na huɗu."

Maza suka fashe da dariya. Walter ya yi ja har kunne.

"Ba raini ba ne, Misis Purkiss. Amma kowa ya san teku ba ta mantuwa."

"Kai za ka gaya mini halin teku? Ni da ta ci wa miji da ɗa? Dube mu nan. In akwai masu ikon cewa mutumin nan baƙar ƙafa gare shi, mu ne, ba kai ba da kake kwance a mashaya ranar da Titanic ya ɗauki mutane. Eli ne ya sa shi a kwalekwalen nan da hannunsa, ya ja matan mutane har gari ya waye. Wanda ya ƙi Reuben, Eli Purkiss ya ƙi." Ta juya ta dubi sauran ɗaya bayan ɗaya. "Kuma ku ji da kyau. Duk wanda jakarsa ta kwana a ƙasa yau, ya nemi mai karɓar haihuwa a gidansa, ya kuma nemi mai wanke shi in ya mutu. Walter, ina ce haihuwar matarka Elsie wata mai zuwa ne?"

Walter ya dubi jakarsa, ya dubi tsohuwa. Wani daga baya ya ce, "Ɗauki kayanka, Walter, kai ba ka iya karɓar haihuwa ba." Aka sake kwashewa da dariya. Ya sunkuya ya ɗauka, yana gunaguni wai shi dama bai ce komai ba. Injiniya ya yi gyaran murya, ya miƙa hannu, mutumin farko da ya nuna shi ne Reuben. Ba jakar da ta taɓa ƙasa.

Washegari jirgin ya tashi. Ni da na tsani teku kamar mutuwata, ga ni ina mayar mata da mijina, kuma ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na zaci ni kaɗai zan raka shi, don tun bara ba matar layinmu da ta ƙara taka tasha ranar tashin jirgi; wa za su raka? Sai na waiga na gan su duka, sun jeru a bakin ruwa, iska na kaɗa baƙaƙen rigunansu. Jirgi ya yi ƙugi ya fara ja baya. Reuben ya leƙo ta wata ƙaramar ƙofa can ƙasa, fuskarsa har ta yi baƙi da kwal, Walter Gosney na leƙe ta kafaɗarsa. Ada Loder ce ta fara ɗaga hankici, sauran suka bi, suna kuka suna dariya suna kiran sunansa. Misis Purkiss ba ta da hankici, ta kwance farin gyautonta ta ɗaga sama da hannu biyu, ta buɗe murya yadda duk tashar sai da ta ji.

"Reuben Haskett! Ka dawo mana, ka ji ko? Kai kaɗai gare mu!"